An Kashe Mai Makulli Ban Sani Ba

Darakta ɓarawo ne. Na faɗa, a rubuta haka, kada a sassauta min ko harafi ɗaya. Bai ɗauki zobena ba, bai buɗe min akwati ba, amma abin da ya sata ya fi su duka, kuma da rana tsaka ya sace shi, ina jingine a kujera a gabansa idona a rufe, mutum goma sha huɗu suna tsaye suna kallo. Mutuwata ya sace. Shi ne kuma ya yi wanka da turare ya zo falona wai yana neman aurena.

Ku da kuke bin labarin nan a waya, kun san ni ko da ba mu taɓa gaisawa ba. Ni ce Mai Makulli ta shirin gidan haya, tsohuwar nan mai tarin makullai a ƙugu, wadda ke kulle famfo in an bar shi yana zuba, ta kulle ƙofar gida in saurayi ya cika surutu a waje. Shekara goma sha tara ina shiga ɗakunanku kowace Lahadi ƙarfe biyar. Wasunku a gabana aka yaye ku.

Ban yi makaranta ba, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Wannan da kuke karantawa, ni ke faɗa, maƙwabciyata Tela ke dannawa a wayarta, ƙafarta ɗaya a kan keken ɗinki. In ta gama zan kai wa Mai Kemis na bakin titi ya sake karanta min, in ji ko abin da na faɗa ne ta rubuta. Ga ta nan tana harara ta. Ki yi haƙuri ƙawata, ba da ke nake ba. A da ba na haka. Za ku ji wanda ya koya min.

Ina 'yar shekara sha tara na shiga gidan wasa, ba a matsayin 'yar wasa ba, da tsintsiya na shiga. Ina share tsakanin kujeru su kuma suna bita a kan dandamali, kunnena yana kwashewa. Ranar da babbar 'yar wasansu ta shaƙe, murya ta ƙi fita, saura awa uku a buɗe ƙofa, na jingine tsintsiya na ce zan iya. Suka yi dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa. Na fara musu daga farko, da nata da na mijinta a wasan da na maƙwabci, har tarin da tsohon ke yi a tsakiya. Ba wanda ya ƙara dariya. Daga ranar zuwa yau shekara arba'in da ɗaya ke nan.

To ga yadda nake aiki, sai kun san wannan za ku gane satar. Ni takarda ba ta magana da ni. Akwai mai karanta min, shi ne muke kira Tabarau. A gidan wasa shi ke tsayawa bayan labule da takarda yana raɗa wa wanda ya manta. Ni bai taɓa raɗa min ba ko sau ɗaya, don ban taɓa mantawa ba. Aikinsa da ni kafin wasa ne. Sau uku yake karanta min: na farko ina kallon bakinsa, na biyu idona a rufe, na uku yana faɗin na sauran ina mayar masa da nawa. Shi ke nan ya zauna. Ina da jan biro, in ya nuna min da yatsa inda nake shigowa sai in ɗiga ɗigo, inda zan ja numfashi in ja sanda. Takardun nan duk suna cikin tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, ban iya karanta ko ɗaya ba, amma ko wacce na ɗauko na kalli ɗigona zan faɗa muku abin da ke ciki.

Shekara talatin da uku muna haka da Tabarau. Mutum ne siriri kamar an ja shi da zare, rigarsa ko yaushe toka-toka, aljihu cike da alli da alewar tari. Idon kaina ban yarda da shi kamar yadda na yarda da bakin mutumin nan ba.

Abin da aka san ni da shi a dandamali kuwa, mutuwa ce. Sau goma sha ɗaya na mutu a gaban jama'a, kuma ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Na mutu da guba, na mutu da baƙin ciki, na mutu ina dariya. Akwai ranar da wata mata ta hau dandamali da gudu da kofin ruwa tana yayyafa min, sai da mutum biyu suka sauke ta. Marigayi mijina, Direba, sau ɗaya ya zo kallo. Ina faɗuwa ya miƙe ya fita, na same shi a mota yana share ido, ya ce, "Ke dai ba ki da imani." Wannan ita ce yabo mafi girma da aka taɓa yi min.

Don haka tun shirin gidan haya yana shekara biyar na tare Darakta a bakin ofishinsa na ce, "Ranar da za ku kashe Mai Makulli, ka faɗa min da wata guda."

Ya ce, "Haba uwar ɗakina, wa zai kashe ki? Ai sai dai ki binne mu."

Na ce, "Kowa yana mutuwa. Ka dai faɗa min."

Ya dafa ƙirji ya ce ya yi alkawari.

Shekara goma sha huɗu ina dafa mutuwar nan a cikina. Ina wanke-wanke ina gyara ta, ina cikin mota ina gyara ta. Mai Makulli za ta zauna a kujerarta ta tsakar gida, ta kwance igiyar daga ƙugu, ta kira 'yan haya ɗaya bayan ɗaya, ta zare wa kowa makullinsa, ta faɗa masa gaskiyar da ta ɓoye masa. Sai a zo kan ɗan ƙaramin makullin nan na tagulla, wanda kuka yi shekara da shekaru kuna tare ni a kasuwa kuna tambaya me yake buɗewa. Ba marubucin da ya san amsar. Ni na san abin da zan ce a kansa, kuma da shi zan rufe baki.

Talata uku da suka wuce na je wurin ɗauka kamar kullum. Na sa zanena mai ruwan ƙasa, da rigar sanyin nan mai maɓalli ɗaya da kuka sani, na ɗaura makullai. Tabarau ya same ni a benci a bayan janareta da takarda. Shafi na bakwai.

Ya ce, "Yau ba ki da magana. Mai Makulli ta zauna a kujera, ta rufe ido, barci ya ɗauke ta."

Na ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Na leƙa takardar. Ban iya karatu ba amma ai ina da ido. Shafin baƙi ƙirin da rubutu har ƙasa, har da wani na hannu a gefe. Na ce, "Duk wannan tururuwar fa?"

Ya cire tabarau ya fara gogewa da gefen riga. Ya ce, "Na masu kyamara ne."

Sau ɗaya ya karanta min. Shekara talatin da uku sau uku, ranar sau ɗaya, kuma bai kalle ni ba. Ni kuma sakarya na ce ko ciwon kansa ne ya tashi, har na ba shi ruwan shayina.

Darakta kuwa ranar kamar an jiƙa shi da zuma. "Uwar ɗakina, ki jingina nan. A kawo mata matashi. Kada ki yi minshari fa, makirufo yana kamawa. Ki ɗan riƙe numfashi kaɗan, rigar tana motsi. Yawwa. Yanzu ki saki hannun nan ya sauka a hankali, kamar barcin ya yi nauyi."

Na saki hannu. Wallahi na sake shi da kyau, don ni ko barci ne ba na yi masa aikin ganin dama. Makullai suka yi ƙara sau ɗaya suka yi shiru. Wurin ya yi tsit. Na ji wata a bayan kyamara tana jan hanci, na ce a raina mura ta yi yawa a garin nan.

Ya ce an gama, in je in huta mako biyu, ba ni a fitowa ta gaba. Ya raka ni har mota, abin da bai taɓa yi ba. Na tafi da takardata a jaka da makullaina a ƙugu, don tun ranar farko ba na barin su a wurin aiki.

Ku da ba ku san aikin talbijin ba, ba kamar dandamali ba ne. A dandamali abin da ka yi shi jama'a suka gani, ba mai sa maka hannu. A talbijin gutsure-gutsure ake ɗauka, yau ƙarshe gobe farko, sai wani ya zauna a ɗaki mai sanyi ya yanka ya ɗinka. Ana iya ɗaukar dariyarka ta ranar Litinin a manna ta a kan makokin ranar Alhamis. Na san da haka. Ban dai taɓa zaton za a yi ɗinkin da fatata ba.

Ranar Lahadi da ta wuce, ƙarfe huɗu da rabi, sai ga babban ɗana Injiniya da matarsa. Mutumin da rabonsa da kallon shirina tun yana gajeren wando. Sai ga Auta, 'yata mai aikin jinya, da kwalaben lemo da na'urar awon jini a jaka. Na ce, "Yau kuma wa ya mutu?" Suka kalli juna. Ban gane ba sai daga baya.

Na zauna a kujerata ta gaban taga da kofin shayi. Shiri ya fara. Ga ni nan a tsakar gida, na jingina, na rufe ido. Na ce musu, "Ku kalli hannun nan." Hannu ya sauka. Sai kiɗa ya canza. Sai ga matar ɗaki na uku ta fito da bokiti, ta kira ni, ta ƙara kira, ta yar da bokitin ta ɗora hannu a ka. Kafin in ajiye kofi gidan hayar ya cika da kuka, an shimfiɗe wani abu a tabarma an lulluɓe da farin mayafi, wai ni ce.

Ƙafafu sun leƙo ta ƙasan mayafin. Na matsa kusa da talbijin na duba.

Na ce, "Ƙafar wa ce wannan?"

Ƙafa sumul, farce da jan fenti. Ƙafar mai yi mana kwalliya ce, na san ta, yarinyar da ba ta kai talatin ba. Ni da faso ya tsaga min dunduniya tun ba a haife ta ba. Shekara goma sha tara, suka binne Mai Makulli da ƙafar aro, bakinta a rufe, ko "wayyo" ba ta ce ba. Matar da ba ta taɓa barin kowa ya yi maganar ƙarshe a gidan nan ba.

Waya ta fara ruri. Auta ta zaro na'ura tana neman damtsena, na ture ta. Tela ta shigo ba sallama, tef a wuya, ido jajir, ta tsaya tana kallona, sai ta ce, "Allah ya jiƙan ki, maƙwabciya. Amma ko sallama ba kya yi wa mutane?"

Na ce, "Ni ma yanzu nake jin rasuwar."

Da safe na ɗauki shafi na bakwai na nufi kemis. Mai Kemis ya gan ni ya dafe teburinsa, ya ce jiya matarsa ko abinci ba ta ci ba. Na ce ya bar zancen matarsa, ya karanta min wannan, tun daga sama, kada ya tsallake ko ɗigo. Ya karanta. "Mai Makulli ta rasu a kujerarta. Ba ta ce komai ba." Sai bayanin kuka da wanda zai fara da wanda zai biyo. Ya zo kan rubutun hannu na gefe ya tsaya.

Na ce, "Ci gaba."

Ya ce, "Mama, ko in ba ki kujera?"

"Na ce ci gaba."

"An rubuta, kada a sanar da ita. Iyalinta sun amince."

Na naɗe takardata na sa a jaka. Na sayi man zafi don kada a ce na shigo na fita hannu wofi.

La'asar ta ranar sai ga mota ta tsaya. Injiniya ne ya shigo gaba yana gyara labule, yana ɗauke kwanon da na bari a kan tebur, kamar gidan nasa ne. Bayansa Darakta. Farar riga mai sitaci tana ƙara in ya motsa, takalmi kamar madubi, agogo ya yi wa hannunsa yawa. Gashin nan da na sani fari tun shekara goma ya koma baƙi wuluk, rinin har ya zubo masa bayan kunne. Direbansa ya ajiye kwandon 'ya'yan itace da kwalin sabuwar waya ya fita. Turaren kuwa sai da kyanwata ta bar ɗakin.

Ni ko ɗankwali ban canza ba. Ina zaune da rigar sanyin Mai Makulli, da gangan.

Ya zauna a bakin kujera ya ce, "Uwar ɗakina, kin ga saƙonnina?"

Na ce, "Na ga waya tana haske. Shekara goma sha tara ba ka san ba na karatu ba?"

Ya yi 'yar dariya. Ya ce ai abin da ke cikinsu ya fi kyau a baki. Ya ce tun da matarsa ta rasu shekara biyu ke nan gidan ya yi masa faɗi. Ya ce ya daɗe yana kallona a rana, fitila tana gasa ni, ƙafata tana kumbura, zuciyarsa tana ƙuna. Ya ce, "Na san ki. In ba a rufe ƙofar ba, ba za ki taɓa fita ba. Shi ya sa na rufe miki ita da hannuna. Na 'yanta ki. Yanzu ki zo ki huta a gidana, akwai mai dafa abinci, akwai lambu."

Na ce, "Wato ka kashe ni don ka aure ni."

"Haba, ba haka za a faɗa ba."

"To yaya za a faɗa? Koya min, kai ne mai takarda."

Injiniya ya gyara murya. "Mama, mutumin nan da mutuncinsa ya zo. Shekararki sittin. A ofis in na shiga taro sai wani ya kaɗa makullin motarsa ana dariya. Yarana a makaranta ana ce musu jikokin Mai Makulli. Ya isa haka. Ki zauna kamar kowace uwa."

Auta ta ce a hankali, "Ni dai ƙafarki ce damuwata, Mama. Jininki ma yana hawa."

Na ce, "Ke na ji naki, kuma na san da gaske kike. Yi shiru." Na zaro shafi na bakwai na miƙa wa Injiniya. "Ungo. Da wannan kaɗa makullin da kake jin kunya aka kai ka makaranta har ka iya karatu. Yau ka yi min amfani da shi. Karanta min na gefen."

Ya karɓa. Ya kalla. Kunnuwansa suka fara rawa kamar yadda suke yi tun yana yaro in ya fasa kofi.

"Mama, rubutun ba ya fita sosai."

"A kemis ya fita."

Matarsa ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta. Darakta ya zaro hankici ya goge wuya, hankicin ya yi baƙi.

Na ce, "Iyalinta sun amince. Su wa ye iyalin? Ni dai na san Mai Makulli ba ta da kowa sai ni. Ni na yi mata tafiyarta, ni na yi mata tarinta, ni na sayo mata rigar nan a gwanjo. Wa ya tambaye ni?"

Darakta ya ce, "Ki yi haƙuri, an yi kuskure wajen hanya, amma niyyar mai kyau ce. Ki yi tunani, ba gaggawa." Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo kamar abin bai dame shi ba. "Af, makullan nan fa. In ba damuwa a ba direba. Ranar Laraba ta mako mai zuwa za mu ɗauki inda 'yan haya ke rabon su."

Nan na yi dariyar da rabona da ita tun kafin rasuwata. Ashe kwandon ayaba da lemo ba na aure ba ne kaɗai. Sun rubuta fitowa shida a kan makullan nan, sun manta a ƙugun gawa suke kwana.

Na ce, "Ka je kasuwa ka sayo wasu."

Ya san ba zai yiwu ba, ku ma kun sani. Wa zai kawo muku sababbin makullai masu ƙyalli ku yarda? Kun san babban nan mai lanƙwasa, kun san jar igiyar, kun san ƙararsu tun kafin in shigo hoto. Kun san ɗan ƙaramin na tagulla.

Na ce, "Ɗauki wayarka. Ayabar ka bar ta, Tela tana so."

Sun tafi ina ji Injiniya yana ba shi haƙuri a waje, wai tsufa ne, zan sauko.

Duk wannan bai taɓa ni can ciki ba, in faɗa muku gaskiya. Darakta ɗan kasuwa ne, ɗana kuma ɗana ne, na san girman hankalinsa tun yana cikin zanen goyo. Wanda ya fi ci min rai shi ne wanda bai zo ba. Darakta ya rubuta, Injiniya ya amince, amma da bakin wa aka yi min ƙaryar?

Washegari ina shanya sai waya ta yi ƙara. Saƙon murya. Mutum ɗaya ne a duniya ya san kada ya turo min rubutu. Na zauna a kan bokiti na danna.

Muryar Tabarau ce. Ya ce, "Ni ne. Na san ba kya son jin muryata. Darakta ya ce in na faɗa miki zai sallame ni, amma ba wannan ba ne, kada in ƙara miki wata ƙaryar. Na karanta miki mutuwa goma sha ɗaya. Kowacce in kika faɗi ina bayan labule, na san za ki tashi a tafa miki, gobe in sake karanta miki wani. Wannan da na duba na ga babu gobe. In Mai Makulli ta mutu, me zan ƙara karanta miki? Da wane dalili zan zauna kusa da ke a benci? Bakina ya ƙi." Ya yi tari, na ji ƙarar takardar alewa. Ya ce, "Ɗan makullin nan na tagulla, kin tuna ni na ba ki ranar farko, da kika ce tarin makullan bai cika ba. Ba ki taɓa tambaya ba. Na wani ɗan akwati ne a ɗakina. Wasiƙu ne a ciki. Naki ne duka. Tun bayan rasuwar Direba nake rubutawa, ina zura su ta tsagar murfin."

Saƙon ya ƙare.

Jama'a, ku taya ni jin wannan sakarci. Wasiƙa. Ga matar da ba ta karatu. Kuma kai ne mai karanta mata. Ka kulle, ka ba ta makullin, ta yi shekara goma sha tara tana yawo da shi a ƙugu a gaban duniya, kai kana gefe kana tsotsar alewar tari. Ɗaya ya kashe ni don ya same ni, ɗaya ya bari an kashe ni don ya kasa buɗe baki. Waɗannan su ne mazan da Allah ya haɗa ni da su a shekara sittin.

Tela ta ce in faɗa muku sau nawa na saurari saƙon. Ba ruwanku. Ta ce ita ta ƙirga bakwai ta katanga. Ki rubuta abin da na ce kawai.

Ban yafe masa ba. So ba ya mayar min da abin da na yi shekara goma sha huɗu ina shiryawa. Da ya karanta min gaskiya a bencin nan, da na miƙe na tsaya a gaban kyamara na ce ba mai rufe min ido sai na gama magana, kuma da ba wanda ya isa. Ya san haka. Ya ɗauke min wannan da hannunsa.

To ga abin da na yanke. Na je tsohon gidan wasanmu, inda na fara da tsintsiya. Rufin yana yoyo, kujeru sun karye rabi, amma dandamalin yana nan, kuma mai kula da wurin ya ce ranar Asabar ƙarfe huɗu nawa ne. Zan sa kujera ɗaya a tsakiya. Mai Makulli za ta mutu a gaban idon mutane, da ƙafarta, da bakinta, inda ba mai almakashin da zai taɓa ta. Duk ɗan haya na shirin da ke da kunya ya zo ya karɓi makullinsa daga hannuna. Ku ma ku zo, ba a biyan ko sisi, ku taho da abin zama.

Amma ba zan rufe ido ba sai an amsa min. Na ware kujera uku a layin gaba, na sa an goge su.

Darakta, ka zo da rininka ka tsaya a gaban mutanen da suka yi kuka ranar Lahadi, ka faɗa musu ina alkawarin wata guda, kuma ƙafar wa ka binne. In ba ka zo ba, Laraba ka ɗauki rabon makullai da cokula.

Injiniya, ka zo ka faɗa da bakinka ko kai ne iyalin da suka amince, da ranar da na ba ka aron bakina.

Kai kuma Tabarau, ba bayan labule za ka tsaya ba wannan karon. Ka hau sama inda fitila take. Ka zo da shafi na bakwai, ka zo da akwatin. Makullin yana wurina, ni zan buɗe. Za ka karanta min shafin tukuna, tun daga sama har rubutun gefe, sau uku kamar yadda muka saba, kana kallona. Mai Kemis zai tsaya a kafaɗarka yana bin layin da yatsa. In ka gama wannan ba ka tsallake komai ba, sai ka amsa min a gaban jama'a: shekara talatin da uku ina ba ka kunnena, me na yi maka da ka ga ban cancanci jin gaskiya daga bakinka ba, ta mutuwar da ta cikin akwatin?